Injin zamani, man kwalba: darasin tsofaffin motocin Amurka ga direbobin Ɗan Kassari

Galibin motocin isansi da ke bin babbar hanyar Arewa a yau masu injekta ne, amma man da ake zuba musu yana biyo hanyar da aka saba tun zamanin Peugeot 404: bido, kwalba, mazurari. Can a Amurka, masu tsofaffin motoci da suka cire karburata suka sa injekta sun riga sun biya kuɗin wannan karatu, kuma abin da suka koya yana iya tsare aljihun ɗan kasuwa da na ma'aikaci.

Ɗan Kassari gari ne na ƙasar Arewa, cikin gundumar Dogon Dutsi, jahar Doso, a bakin babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Kusan duk abin da ke motsi tsakanin gabas da yammacin ƙasar nan sai ya ratsa ta wurin: manyan motocin albasar Galmi, da na simintin Malbaza, da motocin fasinja, da tankokin da ke ɗauko mai daga matatar Damagaram zuwa Doso da Yamai. Iyakar Nijeriya kuwa ba ta da nisa. Shi ya sa shekaru aru-aru mai mota a wannan yanki yake da rijiya biyu da yake sha: famfon gidan mai, da kwalbar ɗan ruwa-ruwa da ke jere a gefen kwalta.

Muddin motocin na karburata ne, wannan tsari bai tayar wa kowa hankali ba. Idan datti ya shiga, direba ya buɗe karburata a gindin itace, ya wanke da isansi, ya hura da baki, ya ɗaure, tafiya ta ci gaba. Yanzu kiɗa ya canza. Mota takan fara gardama da safe, ta riƙa shaƙewa a kan hawa, wani kuka mai kama da na sauro ya riƙa fitowa daga ƙarƙashin kujerar baya, wata rana kuma ta mutu tsakiyar daji ba tare da sallama ba. A gareji sai a ce famfon mai ne ya ƙone. A sayi sabo, bayan ƴan watanni shi ma ya bi ɗan'uwansa. Mai mota ya zargi makaniki, makaniki ya zargi mai sayar da kayan gyara, shi kuma ya ce motocin zamani ne ba su da ƙwari. Alhali kuwa ciwon yana cikin hanyar da man yake bi tun daga kwalba har zuwa inji.

Motocin ƙwanji na Detroit

A shekara ta 1964 kamfanin Pontiac na Amurka, bisa shawarar injiniyoyinsa da suka haɗa da John DeLorean, ya ɗauki inji mai silinda 8 da faɗin lita 6 da ɗoriya, mai ƙarfin doki 325, ya cusa shi cikin mota matsakaiciya, ya sa mata suna GTO. Cikin wannan shekara Ford ya fito da Mustang, Dodge ya biyo da Charger a 1966, Chevrolet kuma da Camaro a samfurin 1967. Injin Hemi na kamfanin Chrysler ya kai lita 7 da ƙarfin doki 425. Amurkawa suka yi wa irin waɗannan motoci laƙabin da ke nufin motocin ƙwanji. Ba a yi lissafin mai ba wajen ƙera su, domin a lokacin galan guda, wato kusan lita 4, bai kai rabin dalar Amurka ba.

Zamaninsu bai yi tsawo ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, su suka taru suka karya kasuwarsu. Waɗanda suka rage sun zama kayan tarihi masu tsada, masu su suna riritawa kamar yadda ake ririta ingarman doki. Da yawa daga cikin masu su kuwa sun gaji da halin karburata: wahalar tashi da sanyi, shan mai ba kai ba gindi, da tafasar mai idan rana ta take. Sai kamfanoni irin su Holley da FiTech suka riƙa sayar da na'urar injekta wadda ake ɗorawa daidai mazaunin tsohuwar karburata, da ƴar kwamfutarta a jiki. Ɗaura ta aikin yini guda ne. Abin da ya ba masu motocin wahala, ya kuma cinye musu kuɗi, shi ne yadda za su isar mata da mai.

Bambancin karburata da injekta

Inji yana buƙatar iska da mai a gauraye bisa ƙa'ida: kimanin kilo 14 da rabi na iska ga kilo 1 na isansi. Karburata tana yin wannan haɗi da jan iska kawai. A jikinta akwai ɗan kwano da ke cike da mai koyaushe, da wata ƴar bula mai iyo da ke rufe ƙofa idan kwanon ya cika. Famfon da ke kawo mata mai yana manne da inji, injin ne ke motsa shi, matsinsa kuma bai kai rabin bar ba. Idan man ya yanke na ɗan lokaci, ko iska ta biyo tiyo, kwanon yana da ajiyar da zai riƙe injin har man ya dawo. Karburata ke nan kamar gida mai randa: ko mai garuwa ya makara, ba a kwana da ƙishi.

Injekta ba ta da randa. Ƴan bakuna ne masu ƙananan huda, kwamfutar mota tana buɗe su tana rufewa cikin ƙiftawar ido, suna fesa mai kamar hazo. Kwamfutar tana auna tsawon lokacin buɗewa ne kawai, bisa zaton cewa matsin man da ke bayan bakin yana nan daram. Wannan matsi yakan kasance bar 3 zuwa 4, wato ya fi na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, ya kuma ninka na karburata kusan sau 8. Da zarar matsin ya faɗi, man da ke shiga ya ragu nan take, iska ta yi rinjaye, inji ya shaƙe. Idan abin ya faru mota tana ɗauke da kaya a kan hawa, zafin cikin silinda yana ƙaruwa har ya iya cin fistin ko ya ƙona bawul.

Yawan man ma abin lura ne. Injin isansi da aka take shi iya ƙarfinsa yana shan kimanin kashi 3 cikin 10 na lita a awa guda ga kowane doki. Ke nan inji mai doki 400 yana neman lita 120 a awa, kwalba 2 kowane minti. Ƙaramar Corolla mai doki 100 da ƴan kai tana neman lita 30 da wani abu idan an matsa mata. Famfo dole ya iya ba da wannan adadi, bisa wancan matsi, ba tare da numfasawa ba.

Abubuwan da Amurkawa suke canzawa

Na farko shi ne tanki. Tankin motar 1968 akwati ne kawai na ƙarfe, babu shinge a cikinsa. Idan man ya yi ƙasa, mota ta sha kwana ko ta taka birki, duk man sai ya gudu gefe guda ya bar bakin tiyo yana zuƙar iska. Karburata ba ta jin wannan, injekta kuwa nan take take yankewa. Don haka ake sayen sabon tanki mai shingaye da ɗan kwano a ƙasa inda famfo ke zama, ko a ƙara wani ƙaramin tanki na lita 1 ko 2 wanda ke cike kullum, famfon matsi yana sha daga gare shi. Tsohon tanki kuma yakan tara tsatsar shekara 50, wadda famfo mai ƙarfi zai kwaso ya aika gaba.

Na biyu shi ne mazaunin famfo. Famfon lantarki gwani ne wajen turawa, rago ne wajen zuƙowa. Idan aka rataya shi nesa da tanki, ko sama da bakin man, ko kusa da salansa mai zafi, man da ke cikin tiyon zuƙowa yakan zama tururi, famfon ya riƙa juyawa a bushe yana kuka. Mafi alheri a nutsa shi cikin tanki, domin man da ke ratsa cikinsa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke masa aikin man shafawa. Idan tilas ta sa a waje zai zauna, to kusa da tanki, kuma ƙasa da shi.

Na uku shi ne filta, kuma guda biyu ake sawa. Ta gaban famfo mai manyan ido ce, kimanin mikron 100, don ta tare yashi ba tare da ta shaƙe famfon ba. Ta bayansa mai laushin ido ce, mikron 10, don ta tsare bakunan injekta. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin, kaurin gashin kan mutum yana wajen mikron 70. Ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta hana bakin injekta rufewa sosai, ya riƙa ɗiga, ko ta toshe shi silinda guda ta kwana da yunwa.

Na huɗu shi ne tiyo da ƙullinsa. Tiyon roba na karburata ba a yi shi don matsin bar 4 ba. Yana iya kumbura ya fashe, ya fesa isansi a kan inji mai zafi. A Amurka ga kuma giyar masara da ake gaurayawa cikin isansi, kashi 10 cikin 100, wadda ke cin tsohuwar roba. A galibin irin wannan gyara ana ƙara tiyo na biyu wanda ke mayar da rarar mai cikin tanki, tare da na'urar da ke daidaita matsi. Na ƙarshe shi ne wuta: waya mai kauri, da fis, da rile da ke yanke famfo da zarar inji ya mutu, domin famfon da ya ci gaba da aiki bayan haɗari tamkar mai zuba wa gobara mai ne.

Sau da yawa kuɗin waɗannan kaya yana kusantar kuɗin ita kanta na'urar injekta. Wanda ya tsallake su don neman sauƙi, shi ake gani tsaye a gefen hanya da murfin mota a buɗe.

Yadda injekta ta iso Arewa

Injekta ba baƙuwa ba ce a gidan Peugeot. Tun farkon shekarun 1960 akwai 404 mai injekta samfurin Kugelfischer na Jamus, haka kuma 504 da ta fito a 1968. Amma da masana'antar PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, 504 mai karburata ce ta cika kasuwa, ta kuma daɗe tana fitowa har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Hikimar a fili take: mota ce da ke shanye kowane irin mai, kowane yaron gareji kuma ya iya cikinta.

Turai ce ta rufe wannan babi. Daga 1993 dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta tilasta wa sababbin motocin isansi ɗaukar na'urar tace hayaƙi a cikin salansa, ita kuwa ba ta aiki da kyau sai da injekta. Amurka ta riga ta yi bankwana da karburata tun wajen 1990. Motocin da Turawa suka hau suka gaji, su ne suka riƙa sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, suka shigo ƙasar nan, har aka yi musu laƙabin bankwana da Faransa. Sannu a hankali Carina, Corolla, Golf da RAV4 suka maye gurbin 504 a tasha da ƙofar ofis.

Waɗannan motoci sun zo da tankinsu da famfonsu da tiyonsu yadda masana'anta ta tsara. Ta nan mai mota a Ɗan Kassari ya fi Ba'amurken sa'a. Sai dai Ba'amurke yana da abin da shi ba ya da shi kullum: mai mai tsabta da ke fitowa daga rufaffen tanki na gidan mai. A Arewa hanyar mai ba daga tankin mota take farawa ba, tana farawa ne daga bidon da aka ɗauro a bayan babur.

Tarihin kwalba

Sana'ar ruwa-ruwa ƴar bambancin farashi ce. Nijeriya ta shafe shekaru tana biyan tallafin fetur, Nijar kuwa tana shigo da nata daga waje ta hannun kamfanin SONIDEP da aka kafa a 1977. Ko karya darajar sefa da rabi da aka yi ranar 12 ga Janairu 1994 bai kashe sana'ar ba. A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20.000 a yini daga ɗanyen man Agadem, amma man ƙetare ya ci gaba da fin na gida araha a garuruwan kan iyaka. A 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ta kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka; farashin kwalba ya tashi, bidon bai daina ƙetarowa ba.

Abin da ya girgiza sana'ar shi ne jawabin shugaba Bola Tinubu na 29 ga Mayu 2023, inda ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta tashi zuwa kimanin 500 cikin ƴan kwanaki, ta haura 1.000 a Abuja cikin Oktoba 2024. A Nijar kuwa hukuma ta rage farashi a Yulin 2024: isansi daga sefa 540 zuwa 499, wato dala 100 ba tamma guda, gazuwal daga 668 zuwa 618. Masu shan man kwalba suka koma famfo, matatar Damagaram ta kasa ɗaukar nauyin kowa, a watan Maris 2025 aka shiga ƙarancin mai da dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. A lokacin ne wani jami'in SONIDEP ya bayyana cewa man sumoga yakan kai rabin abin da kasuwar ƙasar ke sha a baya.

Duk da haka kwalba ba ta bar gefen hanya ba, kuma ba za ta bari ba muddin akwai ƙauyen da gidan mai ya yi wa nisa. Ɗan kabu-kabu da ke Lugu, da mai injin niƙa, da mai injin ban ruwa, ba za su ƙona lita 2 zuwa gari don su sayo lita 3 ba. Ɗan ruwa-ruwa yana toshe wani giɓi na gaskiya, kuma iyalai da yawa suna ci daga gare shi.

Ya kamata a yi adalci: man ba lallai ne ya taso da aibu daga tushe ba. A hanya yake lalacewa. Bidon da jiya ya ɗauki gazuwal ko manja, yau shi ya ɗauki isansi. Ƙurar hunturu tana sauka cikin buɗaɗɗen mazurari. Da damina raɓa da ruwan sama suna samun ƙofa. Kwalbar da ta yini a rana tana rasa sassan man masu saurin kamawa, waɗanda inji ke buƙata don tashi. Wani maras tsoron Allah kuma yakan ƙara kananzir idan ya fi araha. Ko babbar hanyar hukuma ba ta tsira ba: a Fabrairu 2022 an shigo Nijeriya da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, aka janye shi daga kasuwa. Abu guda da aka huta da shi shi ne darma, wadda ke kashe na'urar auna hayaƙi ta motocin injekta: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sa ta cikin isansi tun farkon 2006.

Halin mai mota da halin gareji

Ba duka laifin ke kan kwalba ba. Ma'aikacin da albashi ya yi wa nisa yakan sayi lita 2 yau, lita 3 gobe, allurar mai tana kwance kan ja wata da watanni. Direban haya ma haka, ba ya zuba mai sai fasinja sun biya. A motar karburata wannan ba komai ba ne. A motar injekta kuwa, ɗan man da ya rage yana zagayawa tsakanin tanki da inji yana ɗaukar zafi, balle a watan Afrilu da zafin inuwa ke haura digiri 40 kwalta kuma tana tururi a ƙarƙashin tanki. Idan aka sauka daga kwalta aka shiga hanyar yashi da gargada, man yana watsal-watsal, famfo yana zuƙar iska yana juyawa a bushe. Ciwon da Ba'amurke ke kashe kuɗi don ya guje masa, shi mai mota a nan yake saya wa kansa da hannunsa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya; famfon ma haka yake.

A gareji kuma akwai dabaru masu tsada a ƙarshe. Idan ƴar ragar da ke bakin famfo ta toshe, wani yakan yage ta ya yar, mota ta tashi, mai ita ya yi godiya, yashi kuma ya sami hanya. Wani yakan sa famfon wata mota ba tare da ya duba matsinsa ba. Wani yakan huta da sauke tanki, ya rataya famfo a waje da waya, ya ja masa wuta kai tsaye daga makulli ba fis ba rile. Da wuya a ga agogon auna matsin mai a kan teburin makaniki, alhali shi ne ke rarrabe famfon da ya mutu da filtar da ta toshe ko wayar da ta ci. Famfo nawa masu rai aka jefar saboda rashin wannan agogo?

Babbar dabara ita ce ta juya aikin Amurkawa baya: a garejojin Nijeriya da na nan, an san aikin cire injekta a mayar da mota karburata. Mai mota yakan ji sanyi a ransa, don ya koma ga abin da ya sani. Amma shan mai yana ƙaruwa, ƙarfi yana raguwa, darajar motar a kasuwa tana faɗuwa. Mafi haɗari kuma shi ne idan aka bar famfon asali mai bar 3 yana tura mai cikin karburatar da rabin bar ya ishe ta: bular ba ta iya rufe ƙofa, mai ya yi ambaliya a kan inji, tartsatsi guda ya wadatar. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Abin da ba ya cin kuɗi da yawa

Mai mota yana iya kare kansa da abubuwa kaɗan. Kada tanki ya sauka ƙasa da rubu'i; man da aka zuba ba ya ɓata, jimillar kuɗin wata ɗaya ce, sai dai a cika sau ɗaya sannan a riƙa ƙari. Idan tilas ta sa a sayi man kwalba, a ɗaga ta a duba ƙasanta a haske: ruwa ya fi isansi nauyi, yana kwanciya ƙasa a gan shi. A ɗiga ɗigo guda a kan farar takarda: isansi zalla yana bushewa bai bar tabo ba, wanda aka gauraya da gazuwal ko kananzir yana barin maiƙo. A tace da ƙyalle mai laushi kuma mai tsabta, wanda ba ya zubar da zare. A riƙa canza filta kafin wa'adin da littafin motar ya yanka, domin wa'adin nan an yanka shi ne don hanyoyin Turai. Motar da ta daɗe tana shan man kwalba, a sauke tankinta a wanke kafin a sa mata sabon famfo. Kukan famfo da ya ƙaru gargaɗi ne, ba a jira ranar tafiya kafin a fafe gora.

Ɗan ruwa-ruwa ma yana da riba cikin gyara: bidon isansi ya zama na isansi kaɗai, a rufe, a inuwa, nesa da mai shayi da mai tsire. Wanda aka san man sa da tsabta ba ya rasa abokin ciniki. Cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi kuma lokaci ya yi da za su ba yaran makaniki agogon matsi da na'urar karanta kwamfutar mota, domin karburatar da ake koya musu tana ƙarewa a kan hanya. Hukumomi kuwa, hanyar rage man kwalba ita ce kusanto da famfo ga jama'a da tabbatar da cewa akwai mai a cikinsa, sannan a riƙa duba ingancin abin da ke fitowa daga gare shi.

Maganar ta wuce ta kwalliyar mota. Ga Ba'amurke mai Camaro, famfon da ya mutu yana ɓata masa yawon ranar Lahadi ne kawai. A tsakanin Ɗan Kassari da Dogon Dutsi, famfon da ya mutu yana iya zama buhunan wake da suka rasa ranar kasuwa, ko bashin banki da ma'aikaci ke biya a kan motar da ke kwance, ko mai naƙuda da ake gaggawar kaiwa asibiti cikin dare. Kuɗin filta da ƙarin lita 10 a tanki ba su kai ko kusa da wannan ba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.